Shayin da Rana Ta Dafa

Ina kwance a kan gadon ƙasa, garwashi na ci a ƙarƙashina, lokacin da na fara ganin kwalbar. Asabarin ƙofa ya ɗan karkace, ta wannan 'yar kafa nake hangen wani yanki na katangar da ta raba turakar Baba da cikin gida. A kan katangar aka ajiye ta. Farar kwalba ce irin ta asibiti, an toshe bakinta da totuwar masara. Ruwa ne a ciki, da wani baƙin abu kwance a gindi. Ban tambayi kaina ta wa ce ba. A kwanakin nan ba na tambayar komai. Idona dai ya sauka a kanta ya zauna, kamar yadda ƙuda ke sauka a kan faifai.

Da hantsi ruwan fari ne. Kafin rana ta take tsaka ya koma kalar zuma, zuwa azahar ya yi ja kamar ruwan lalle. Da la'asar na sake dubawa, babu kwalba.

A Kebbe ke nan, gidanmu, ƙarshen daminar shekarar da aka karɓi mulkin kai. Mijina malamin ofis ne a Tambuwal, can muke zaune. Da yake haihuwar fari a gida ake yin ta, ciki na tsufa aka maido ni. Na haifi namiji. Bai kai suna ba.

A wurinmu ɗan fari abin kunya ne ga uwarsa. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, nono ma sai an yi ta roƙonta tana kau da kai. Na iya wannan sosai, har mata suna yaba ni. In an miƙo shi sai in juya fuska ga bango. Sai ɗaki ya zama babu kowa nake jawo shi in ɗora a ƙirji, in kasa kunne ko wani na tafe. Wata safiya Goggo ta ɗauke shi, ta daɗe tana dubansa, ta fita da shi. Na ji maza suna magana ƙasa-ƙasa a zaure. Sai mata suka fara shigowa.

"Haƙuri, ɗiya. Ruwa na yaz zube, tulu na nan."

Kowa ta zo haka take faɗa. Ni kuma na juya fuska ga bango, kamar yadda aka koya mini. Suka ce kai, yarinyar ga akwai kunya. Abin da ba su sani ba, halin ko-in-kula da nake yi da gangan ya riga ya zama gaskiya. Na laluba cikina ban tarar da komai ba.

Wannan ya ba ni mamaki, in har abin da na ji ya kai a kira shi mamaki. Mijina ya koya mini karatun boko a farkon aurenmu, kuma duk ranar kasuwa sai ya sayo mini ƙananan littattafan nan da ake shimfiɗawa a kan tabarma kusa da masu turare. A cikinsu na san duniya. In 'yar sarki ta rasa abin ƙaunarta sai ta faɗi sumammiya, a yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo ta yi kuka har matashi ya jiƙe, tsuntsaye su daina kuka don tausayinta. Ina son wurin nan ƙwarai. Har nakan ajiye littafi in dafa goshi in gwada yadda zan yi in tawa ta same ni. To ga tawa ta same ni. Na jira suma, ba ta zo ba. Na jira hawaye. Kaji suna ta tono a tsakar gida, ana daka, ana surfe, gero ya nuna ana shirin girbi. Abu ɗaya kawai ya haɗa ni da 'ya'yan sarakunan littafi, ba na cin abinci. Shi ma ba don baƙin ciki ba. Abincin ne kawai ya ƙi shiga, kamar an ɗaure bakin buhu.

Goggo yayar Baba ce, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Mace ce mai murya, in tana son mutum unguwa duka sai ta ji. Ta ce jego jego ne, da ɗa ko babu ɗa, jikina ɗanye ne, kuma ɗanyen jiki ba shi da maƙiyi kamar sanyi. In sanyi ya shigi mai jego sai ta kumbura, ƙafa, ciki, fuska, shi ke nan. Saboda haka komai nawa na wuta ne. Safe da yamma a tafasa babbar tukunya, Goggo ta tsoma reshen ganye a ciki ta yi ta fyaɗa mini. Gado da wuta a ƙasa. Kunun kanwa yana tururi. Ruwan sha ma sai ya tafasa.

Wasu matan in ana yi musu wankan nan har maƙwabta ke jin ihunsu. Ni ina kallon fatata tana ja kamar ta wata.

"Ke ɗiyag ga, ko ƙara ba ki yi?" in ji Goggo. "Ruwan ga ko kaza anka tsoma sai ta fige!"

Na ce, "Ba zafi, Goggo."

Ta tsaya da ganye a hannu tana dubana. Daga nan ta ƙara wuta.

Tun kafin abin ya faru mijina ya aiko da kayan barka ta hannun wani falke. A ciki akwai ƙunshin ganyen shayi, da sukari mai ƙwaya, da gwangwanin madara, don ya san na saba shan shayi da shi da safe. Shi kansa bai samu zuwa ba. Ruwa ya yanke hanya, kuma an tsare su a ofis da shirin bikin mulkin kai. Kamar yadda ake yi da duk abin da ya shigo gida, Goggo ta ɗibi kaɗan daga kowane ta aika wa Baba rabonsa. Sauran ta adana.

Da ta ga na ƙi kunu, na ƙi ƙauri, na ƙi gasasshen nama, sai ta tuna da shayin. Ba ta taɓa sha ba, ba ta taɓa ganin an yi ba. Ta ce ganye ai ganye ne. Ta zuba dintsi biyu a tukunyar ƙasa ta yi ta dafawa kamar zogale, har ya yi baƙi ƙirin. Da yake na mai jego ne ta jefa kanwa, ta sa barkono da kimba. Ta riƙe mini kai ta ɗura. Bai kai ciki ba ya dawo.

Ta fita tsakar gida da ƙwaryar a hannu.

"Jama'a, ku gane min! Ko shayin mijin nata ta maido! Mi za ni ba ta? Naman jikina?"

Warwarona da ke tsayawa a wuyan hannu ya fara zamewa har gwiwar hannu. Kullum da safe Goggo takan zagaye damtsena da yatsu biyu. Matan da suka ce tulu na nan suka fara faɗa a bayan ɗaki cewa tulun ma ya tsage. Ina jin su. Kowa ya san macen da ta bi ɗanta kafin arba'in, kowa na da labarin guda. Na fahimci ni ake nufi, kamar yadda mutum ke fahimtar an ce za a yi ruwa a wani gari.

Washegarin shayin Goggo ne na ga kwalbar.

Kullum sai ta fito da hantsi, ta canza kala, ta ɓace da la'asar. Na mayar da ita abin kallo, tunda ba ni da wani. Sannu a hankali na lura da abu biyu. A gindin katanga akwai wuri mai danshi inda ake zubar da ruwan, kuma tururuwa sun yi layi zuwa wurin. Tururuwa ba sa bin magani mai ɗaci. Ashe da sukari a ciki. Na biyu, kwalbar ba ta zama wuri ɗaya. Kowace safiya sai ta ɗan matso, taku ɗaya ko biyu, ta bin katanga zuwa wajen ƙofata.

Ni ma 'yar fari ce ga Baba. Bai taɓa kiran sunana ba. Bayansa na fi sani a kan fuskarsa, don in muka haɗu a zaure sai ya yi gyaran murya ya dubi azara har in wuce. In zai yi zancena sai ya ce wa Goggo "ɗiyarki". Manomi ne, ba ya zuwa ko'ina sai gona da masallaci. Abin da ya sani na ganye da saiwa shi ne jiƙo. Yakan sassaƙo ɓawon itace ya zuba a ƙwarya da ruwa ya ajiye a rana, don shawara ko ciwon baya. Namiji irinsa ba ya zuwa murhu, kuma ba zai iya buɗe baki ya ce a dafa wa 'yarsa ta fari wani abu ba. Ga ganye an ba shi, an ce magani ne ga waccan da ke ɗaki. Sai ya yi da shi abin da ya iya.

Ban yi wannan lissafi a lokacin ba. Daga baya na haɗa shi.

Ranar bikin mulkin kai, tun da safe ake jin ganga daga wajen makaranta. Aka ce 'yan makaranta za su zaga gari da 'yan tutoci. Bayan azahar kiɗa ya matso, matan gida duka suka ruga zaure su leƙa, har Goggo. Gida ya yi tsit. Kwalbar tana ƙarshen katanga, inda hannu zai kai daga bakin ƙofa.

Ban yanke shawarar komai ba. Na dai ga ƙafafuna a ƙasa, na dafa bango, na ɗaga asabari. Rana ta doke ni a ido. Na miƙa hannu na ɗauko ta.

Ba ta da zafi, ba ta da sanyi. Ɗuminta irin na jikin mutum ne. Nauyinta ma na sani. Na tsaya da ita a ƙirji na ɗan lokaci, ina kasa kunne ko wani na tafe, sai na tuna inda na taɓa yin haka. Na zauna a dokin ƙofa na zare totuwar.

Ruwan ya shiga bakina ba tare da faɗa ba. Babu ɗaci, babu yaji, babu ƙaurin hayaƙi. Ɗan zaƙi ne, da ɗan bauri can ƙarshen harshe, da warin totuwa kaɗan. Na jira ya dawo. Bai dawo ba. Na sake kurɓa.

A haka Goggo ta same ni, kwalba ta kai rabi.

"Inna lillahi! Ɗanyen ruwa! Ruwan rijiya da bai ga wuta ba!" Ta fizge kwalbar ta ɗaga ta sama. "Wane maƙiyin Allah ya aje wanga? Wa ka son kashe min ɗiya? Shi fito in gane shi!"

Mata suka taru. Daga bayan katanga aka yi gyaran murya.

"Ni na, Yaya."

Goggo ta juya ga katanga ta riƙe ƙugu.

"Kai? Kai da ko ruwan wanka ba ka san inda aka ɗumama shi ba?"

"Jiƙo na."

"Jiƙon mi? Shayi na, abin Nasara! Dafa shi aka yi!"

"Kin dafa. Ta maido."

Wata daga cikin matan ta toshe baki da gyale. Goggo ta harare ta.

"To malamin asibiti, in sanyi ya shige ta fa? In ta kumbura kai ka sa kumburin shi sace?"

"Taɓa kwalbar ki ji. Tun hantsi rana ka dafa shi. Taki wuta ta kara ta, wagga ta Allah ta."

"Ji min wa'azi! Yau ni aka koya ma jego, ni da nig gasa matan unguwar ga duka!"

Ganga na ta nisa. Da ya yi magana muryarsa ba ta canza ba, kamar mai faɗin farashin dawa.

"Yaya, ni nir rufe wancan da hannuna. Ƙasar wurin ko bushewa ba ta yi ba. Ba ni son komawa."

Sai muka ji takunsa ya nufi zaure.

Goggo ta daɗe tsaye. Ta taɓa kwalbar da bayan hannu. Ta kai ta kumatu, kamar yadda ake gwada zazzaɓin yaro. Ta shinshina, ta ɗan kurɓa, ta yamutsa fuska ta ce wannan ko ruwan wanke ƙwarya ya fi shi ƙarfi. Sannan ta miƙo mini.

"Shanye tun bai huce ba."

Ba ta yarda da abin ba, ta dai ƙyale. Ta kafa sharuɗɗa. Ba a sha sai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kwalba ke da ɗumi. A naɗe ta da baƙin tsumma don ta ƙara kama rana. In hadari ya taso ranar babu shayi. Kowace safiya takan danna ƙwaurina da babban yatsa ta duba ko wurin zai lotsa. Ta kuma riƙa jefa ɗan guntun citta a kwalbar in tana zaton babu mai gani. Baba ya ci gaba da ajiyewa a kan katanga, ni ina ɗauka, kamar ba mu san da juna ba. Bayan 'yan kwanaki na sha ruwan kunu a kan shayin ya zauna. Daga nan tuwo loma biyu. Warwaro ya daina zamewa. Matan bayan ɗaki suka koma zancen girbi.

Mijina ya iso a kan keke bayan hanya ta bushe, da wandon kaki da ƙura har gwiwa. Ya gaisa da maza a zaure, aka shigo da shi. Shi ma ɗan farinsa ne, don haka bai ambace shi ba. Ya ce ya jiki, na ce da sauƙi. Ya ba mu labarin biki, wa ya yi jawabi, me aka ji a rediyo. Can idonsa ya kai kan katanga.

"Mene ne wancan a cikin tsumma?"

"Shayi na," in ji Goggo.

Ya fashe da dariya. "Shayi? A rana? Ai shayi ba tsamiya ba ne da za a jiƙa shi! Wane gwani ne ya yi wannan aiki?"

Goggo ta gyara zama. Na ga daɗi ya kama ta tun daga ido.

"Surukinka na."

Dariyar ta tsaya masa a wuya. Ya cire hula ya sake sawa. Ya dubi ƙasa ya ce ai dama ya taɓa jin an ce irin wannan ya fi lafiya.

Da yamma ya fito da 'yar butar shayin da ya ɗauro a bayan keke. Ya sa aka tafasa ruwa, ya ɗauraye butar da shi, ya zuba ganye cokali guda, ya kwarara tafasasshen ruwa a kai ya rufe. Kafin Goggo ta gama mita cewa ganyen bai dahu ba, ya tsiyaya, ya sa sukari da madara. Ƙamshi ya cika ɗaki. Gaskiya nasa ya fi daɗi, ba ma kusa ba. Na ruwan zafi yana da ƙarfi, yana bugun hanci tun kafin ya kai baki, yana ratsa ƙirji ya ce tashi. Irin shayin da ya dace da matan littattafaina ke nan. Na sha, na ce Allah ya saka. Amma da a makon farko aka ba ni shi, na san zai dawo kamar na Goggo. Na rana ba ya ce wa mutum tashi. Shiga kawai yake yi ya zauna.

Kukan da nake jira bai zo ba, a lokacin ko daga baya. Na yi arba'in, aka yi mini kitso da lalle, aka ɗaure kaya. Ragowar ganyen na bar wa Goggo na ce ta aika turaka. Ranar tafiya na durƙusa a zaure na ce na tafi. Baba ya dubi azara.

"Yaya, ki ce ma ɗiyarki Allah shi kiyaye hanya."

Na haifi wasu bayan nan, sun rayu. Shayi kuma na ci gaba da yin sa da buta kamar kowa. Duk wanda zai je Kebbe nakan ba shi ƙunshin ganye da sukari, ban taɓa cewa na wane ne ba, kuma bai taɓa ɓata hanya ba.

Baba ya tsufa, ido ya tafi. Ya daina zuwa gona, amma bai daina jiƙon shayi ba. Da hantsi yakan bi katanga da lalube ya ajiye kwalbar, ya zauna a gindinta. Tunda ba ya ganin kala, sai ya riƙa ɗaukowa yana kai ta kumatu, da haka yake gane ya yi. Sau ɗaya da na je na kai masa na buta, mai madara. Ya kurɓa, ya ajiye, ya ce wa Goggo a gaya wa mai shi an gode, amma ya ƙone. Da ciwon ƙarshe ya kama shi damina ce, aka aiko mini, motar da na shiga ta kafe a laka muka kwana a hanya. An ce da safen ya tambayi Goggo ko ɗiyarta ta iso, ta ce tana tafe. Ya ce to. Na iso ana dawowa daga maƙabarta.